Abin da Sikelin Mai Sayen Zinare Bai Auna Ba

A watan Disamban 2024 Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara, haramcin da aka ƙaƙaba tun Afrilun 2019 saboda ta'asar 'yan bindiga. Tun daga ranar maganar da ke yawo a rediyo da majalisun hira iri ɗaya ce: arziki na kwance a ƙarƙashin ƙafarmu, matasa za su sami abin yi, jiha za ta sami kuɗin shiga. Ban musa ko ɗaya ba. Abin da ya hana ni sakin jiki shi ne, duk mai wannan lissafi shafin shiga kawai yake karantowa. Ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi kuwa ba ya kiran kuɗi riba sai ya ware uwar kuɗi, ya cire na mota da na dako, ya biya duk wanda ke binsa. A harkar zinaren ƙauye akwai mai bin bashi guda da ba a taɓa kira wurin rabo ba, ita ce ƙasar da ake takawa.

Zamfara ta riga ta ga yadda wannan bashi yake idan ya taso, don haka ba sai mun je nesa neman misali ba.

A shekarar 2001 oza ɗaya ta zinare, wato giram 31 da ɗoriya, ba ta kai dala 300 a kasuwar duniya ba. Zuwa 2010 ta haura dala 1,200. Wannan tashin farashi ne ya mayar da manoman Anka da Bukkuyum mahaƙa. Mutum ya shiga rami da guduma da kurfi, ya fito da buhun dutse. Zinaren da ke cikin dutsen ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani sosai, saboda haka dole a farfasa, a niƙe shi ya zama gari, a wanke, sannan a kama shi da zaiba. To a ina ake da turmi da taɓarya da hannun da zai yi daka? A cikin gida. A ina ake da injin niƙa? A tsakiyar gari, shi ne dai wanda ke niƙa gero da dawa. Haka dutse ya bi ta zaure ya shiga tsakar gida. Matan da ke cikin kulle suka sami sana'ar da ta fi ƙuli-ƙuli da dakau kawo kuɗi, suna daka da goyo a baya, suna shanya garin dutse a inda suke shanya tsaba.

Abin da ba wanda ya gaya musu shi ne, jijiyar dutsen da aka dosa a lokacin cike take da dalma. Dangin dutsen nan ne mai ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali. Yana kwance a ƙarƙashin ƙasa shekaru aru-aru bai dami kowa ba. Niƙa ce ta mayar da shi ƙura, ƙura kuwa ba ta da shamaki.

Agwagi ne suka fara nunawa. A farkon 2010 aka ga suna ta mutuwa a wasu ƙauyuka, ba wanda ya kawo komai a ransa, don annobar kaji ba baƙuwa ba ce. Sai yara suka fara amai da ciwon ciki, su sandare, su yi ta jijjiga, wasu su tafi cikin kwana biyu ko uku. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau, wasu suka ce iska. A watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan na-gari-na-kowa, MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka lura da sababbin ƙananan kaburbura da yawansu ya wuce misali, ga shi kuma maganin maleriya ba ya yi wa yaran komai. Da aka aika jini aka gwada, sai ga dalma.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi gida-gida a ƙauyuka biyu. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, ɗaya cikin huɗu ke nan. Cikin waɗanda suka rage aka gwada, kashi 97 cikin ɗari dalmar jininsu ta kai matakin da dole a ba da maganin fitar da guba, wato maikrogiram 45 a ma'aunin da likitoci ke amfani da shi. A lokacin goma kacal ake ɗauka abin damuwa, yau ma an sauko da shi zuwa uku da rabi. Na'urar gwajin da aka je da ita tana tsayawa a 65, jinin yara da yawa ya wuce iyakar abin da take iya karantawa. Adadin da aka fi ambata na yaran da suka mutu a Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega ya haura 400.

Wannan shi ne layin farko a shafin fita, kuma shi ne aka fi sani. Amma idan aka tsaya a kansa za a ɗauka annoba ce ta zo ta wuce kamar ƙyanda. Tushen abin yana cikin ƙasa.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san matsayin ƙasar tsakar gida. A kanta jariri ke rarrafe. Ita yake dumbuza ya kai baki kafin uwarsa ta juyo. A kanta ake shimfiɗa tabarma a ci tuwon dare, a kanta ake sheƙa da tankaɗe, kaza ta yi tono, akuya ta lashi gindin bango. Da ita ake yaɓe, da ita ake buga tubali. Ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ke aiki da shi a wancan lokaci ya ce ƙasar da yara ke wasa a kai kada dalmarta ta wuce miligiram 400 a kowane kilo. A wasu wuraren niƙa na Zamfara an auna sama da 100,000. A fassara shi da harshen kasuwa: a kowane mudu goma na ƙasar wurin, nauyin mudu guda dalma ce. Yaro ba ya bukatar ya taɓa dutse ko ya je bakin rami. Ya isa ya tsotsi yatsa.

Ga kuma halin dalma da ya raba ta da sauran ƙazanta. Kashin shanu yana ruɓewa ya zama taki. Man fetur da ya malala, a hankali rana da ƙwayoyin ƙasa suna cin ƙarfinsa. Dalma ƙarfe ce, ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, tafasa ruwa ba ya kashe ta, sai ma ya ƙara mata kauri idan ruwan ya ƙafe. Tana maƙalewa a saman ƙasa, daidai inda iri ke tsira da inda yaro ke zama. Iskar hunturu ta ɗebe ta ta kai maƙwabta, ruwan damina ya wanke ta ya zuba a kududdufi. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta je a ƙarshen 2010 ta sami dalma fiye da ƙima a rijiyoyi da kududdufai, ta kuma sami tururin zaiba a iskar wuraren aiki. Kududdufin nan shi ne mashayar shanu, shi ne wurin wankan yara, daga bakinsa ake ɗibar laka a gina sabon ɗaki. Mutum na iya gina wa amaryarsa ɗaki da guba bai sani ba.

Nawa aka kashe wajen kwashe wannan? Nan ne lissafi ya fara nuna fuskarsa. Likitoci sun ce ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi gidan da ya sa masa cutar, sai an fara gyara gidan. Gyaran kuwa ba shi da wata dabara ta zamani. Ƙwararrun TerraGraphics da na Cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha da mutanen gari, suka bi gida-gida da fartanya da shebur da baro, ana kankare saman ƙasa kimanin santimita biyar, a zuba a buhu, a kai wani rami da aka tanada a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Daga 2010 zuwa 2013 an kwashe fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren aiki 820 a ƙauyuka takwas. Idan tifa na ɗaukar kubik mita goma, sawu 2,700 ke nan, kuma galibinsa da hannu aka yi. Yara sama da dubu biyu aka ba maganin fitar da guba a wannan tsakani, magani mai tsada da ake sha zagaye bayan zagaye. MSF ta shafe fiye da shekara goma sha ɗaya a kan aikin kafin ta miƙa shi ga hukumomin jiha a 2022.

Ko sisi daga cikin kuɗin nan bai fito daga aljihun waɗanda suka sayi zinaren ba. Dillalin da ya auna a sikeli ya biya ya tafi, wanda ya sayar wa a Gusau ko Kano ya tafi, wanda ya haura da shi Dubai ya tafi. Masu ba da agaji na ƙetare da baitulmalin jama'a ne suka biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin Bagega ya fi ci mini rai. Shi ne gari mafi girma cikin takwas ɗin, kuma shi aka bari a ƙarshe. An san ƙasarsa ta gurɓace, an san akwai yara kimanin 1,500 da ke jiran magani, an kuma san ba za a fara maganin ba sai an kwashe ƙasar. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Aka yi taro a Abuja a watan Mayun 2012, kuɗi bai fito ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi ta kira, matasan Follow The Money ƙarƙashin Hamzat Lawal suka ɗauki maganar zuwa kafafen sada zumunta, sai a ƙarshen Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin. Damina uku yaran Bagega suka yi suna rarrafe a kan ƙasar da kowa ya san abin da ke cikinta. Wannan jinkiri ma kuɗi ne, sai dai da ƙwaƙwalwar yara aka biya shi, domin maganin yana rage dalmar jini amma ba ya gyara abin da ta riga ta lalata. Wanda ta makantar ya makance, wanda ta taɓa wa hankali haka zai girma.

Da a ce an koyi darasi, da sai in sassauta. Amma a 2015, shekara biyu kacal bayan gama aikin Bagega, abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Yara 28 suka mutu a yankin Shikira, ta hanya iri ɗaya: dutse, niƙa, ƙura, tsakar gida. Nan ma sai da aka shiga shekara ta gaba kafin a fara kwashe ƙasa.

Zaiba kuma nata shafin daban ne, kuma ya fi na dalma faɗi, domin ba kowace jijiyar zinare ke da dalma ba, amma kusan kowane ƙaramin mahaƙi yana aiki da zaiba. Ana zuba ta a kwanon wanki, a murza da hannu tsirara har ta haɗiye ƙwayoyin zinare, a matse a ƙyalle, a sami ɗan dunƙule mai launin azurfa. Sai a ɗora shi a cokali ko gwangwani a kan garwashi. Zaibar ta tashi ta bi iska, zinare ya rage. Mai ƙonawa da duk wanda ke tsaye kusa sun shaƙi rabonsu, saura ya sauka a kan rufi da ganye da ƙasa. Wadda ta zube cikin ruwan wanki kuma ta bi laka ta kwanta a gindin rafi, inda ƙwayoyin halitta ke juya ta zuwa wani nau'i da ya fi dafi, mai taruwa a jikin kifi. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙarami, mutum ya ci babba. Irin wannan nau'i ne ya nakasa mutanen garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956, kuma sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda Nijeriya ta rattaba wa hannu ta kuma tabbatar. Ƙididdigar hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2018 ta nuna ƙananan masu haƙar zinare ne kan gaba wajen sakin zaiba a iskar duniya, fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ɗan Adam ke saki. Gulbin Zamfara da Gulbin Ka kuwa ba a Zamfara suke tsayawa ba. Suna gangarawa Kebbi, ƙasar shinkafa da su, su haɗu da ruwan da ke zuba a Kwara. Masuncin Yawuri bai taɓa riƙe giram ɗaya na zinaren Anka ba, amma yana ƙasan ruwa.

Sai gona da dabba. Wanda ya taɓa ganin filin da mahaƙa suka tashi daga kai ya san kamanninsa: ramuka kamar saƙar zuma, tsibin jar ƙasa da tsakuwa a kan baƙar ƙasar noma, kututturan itatuwan da aka sare don tokare rami da dafa abinci. Baƙar ƙasar nan da ba ta wuce tsawon hannu ba ita ce ke ciyar da mu, kuma ba a shekara goma take haɗuwa ba. Ƙarfe mai guba idan ya yi yawa a cikinta yana rage tana da ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye su mayar da shi taki, sai ƙasa ta mutu a tsaye. Binciken da aka yi kan abincin ƙauyukan Zamfara ya nuna wani abu da ya kamata kowace uwar gida ta sani: yawancin dalmar da ke cikin hatsi ba ta saiwa ta shiga ba, bayan girbi ta shiga, wajen sussuka da shanya a ƙasa da niƙa da girki cikin ƙura. Ganyen miya da ake shanyawa a fili ma haka. Saniya kuwa tana kiwo tana haɗawa da ƙasa, ta sha a kududdufi, dalma ta taru mata a hanta da ƙoda. Makiyayin da sansa ya faɗa tsohon rami ko ya mutu yana kumfar baki, wa zai kai ƙara? Asarar nan ba ta shiga kowane littafi.

Na san amsar da mahaƙi zai ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Zai ce, Malam, gonar da kake magana a kai ba ta ciyar da ni wata shida, taki ya fi ƙarfina, daji ya gagari shiga, a rami kuwa ina iya samun abin da noman shekara bai ba ni ba. Gaskiya ya faɗa, kuma wanda bai taɓa kwana da yunwa ba bai isa ya yi masa wa'azi ba. Shi ya sa ban ga hikimar haramci ba. An hana a 2010, an sake hanawa a 2019, har da hana jirage shawagi a samaniyar jihar a 2021, haƙa ba ta tsaya ba. Abin da haramci ya yi shi ne ya kore ta daga idon ma'aikacin lafiya ya miƙa ta ga mai bindiga, ya kuma sa mutane ɓoye dutse a cikin ɗaki, inda ya fi kisa. Amma a duba rabon da kyau. Mahaƙi ne ke shaƙar ƙurar dutse mai cinye huhu, shi rami ke ruftawa da shi, kamar yadda ya faru a yankin Ɗan Isa na Jihar Maraɗi a Nuwamban 2021 inda mutum aƙalla 18 suka mutu. 'Ya'yansa ne ke tsotsar yatsa, gonar gadonsa ce ke zama kufai. A cikin duk masu cin abinci a wannan sana'a shi ne ke karɓar mafi ƙanƙantar kaso, shi ne kuma ke ɗaukar kusan dukkan asarar.

Abin da ke ƙara mini shakka game da alkawuran yanzu shi ne, hanyoyin rage ɓarnar sanannu ne kuma ba su da tsada, amma ba su ake tallatawa ba. A fitar da niƙa daga cikin gari. A niƙa da ruwa maimakon a bushe. Mahaƙi ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. A ƙona zaiba a cikin rufaffen tulu mai mayar da tururinta ruwa, a sake amfani da ita. Gwajin da MSF ta yi da ƙungiyar OK International a wuraren niƙa ya nuna feshin ruwa kawai ya rage ƙurar dalma a iska da kusan kashi 95 cikin ɗari. Dokar ma'adinai ta 2007 ma ta tanadi asusun gyaran muhalli da masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki. Sai dai mai guduma da buhu ba shi da lasisi, mai sayen zinarensa kuma ba ya haƙa, don haka doka ta bi ta tsakaninsu ta wuce. A watan Yulin 2020 an kai wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinare mai nauyin kilo 12.5 da aka tara daga ƙananan mahaƙa, Babban Banki ya saya a kan naira miliyan 268. A ajiye wannan adadi kusa da miliyan 850 da aka nema don gyaran da ya rage a Zamfara. Sanda uku irin wannan ba su biya shi ba.

Wanda ke ganin ƙasa za ta warke da kanta ya je Filato. Kamfanonin Turawa sun haƙi kuza a can tun farkon ƙarni na ashirin, da guminmu, domin dubban leburorin Hausawa ne. Kamfanonin sun naɗe tabarmarsu tuntuni. Tafkunan da suka bari da tsibin ƙasar da suka juye suna nan a kewayen Bukuru da Barikin Ladi, suna cin mutane da dabbobi.

Akwai kuma wani kaso na bashin da lokacin biyansa bai daɗe da zuwa ba. Dalma ba ta wuce 'yan makonni a cikin jini, amma wadda ta shige ƙashi tana zama shekaru gommai, jiki yana ajiye ta a inda yake ajiye sinadarin gina ƙashi. Idan mace ta sami ciki, jikinta yana buɗe wannan ajiya don ya gina ƙashin ɗan tayi, dalmar ta biyo, ta ratsa mahaifa, daga baya ta bi nono. Yarinyar da ke da shekara uku a Dareta ko Abare a 2010, wadda Allah ya yi wa gyaɗar dogo ta rayu, yau ta isa aure, wata ma tana goyo. Jaririnta bai ga injin niƙa ba, bai taka tsohuwar ƙasar ba, amma yana iya karɓar rabonsa tun yana ciki. Awon cikin da ake yi a asibitin karkara ba ya haɗawa da gwajin dalma.

Ƙasar da aka kankare kuwa tana nan a ramukan da aka binne ta a bayan ƙauyukan takwas, kubik mita 27,000, dalmar cikinta ba ta ragu ba. Tana bukatar wanda zai riƙa duba murfinta bayan kowace damina, ya hana zaizaya buɗe ta, ya hana a yi gona ko gini a kanta, ya kuma hana wani ya tone ta, domin cikin abin da aka binne har da ragowar garin dutse, kuma farashin oza ya ninka na 2010 fiye da sau biyu.